Ƙwayar Cutar Da Ta Yafa Mayafi

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne, amma tarihin da ya shafi littattafanmu fiye da yadda kuke zato.

Ku tuna littattafai nawa kuka karanta waɗanda a cikinsu aka yi auren ƙauna, shekara ta zagayo, aka yi biyu, aka yi biyar, amarya ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Uwar miji ta fara habaici, ƙannen miji su karɓe, a wayi gari sunanta juya, daga nan sai zancen ƙarin aure. Mu marubuta idan muka zo bayyana dalili, hanya biyu muka sani: ko dai wata ta je wurin boka an ɗaure mahaifar an jefa a tsohuwar rijiya, ko kuwa ita matar ce take shan ƙwayar hana haihuwa a ɓoye. Ni ma na rubuta irin haka ba sau ɗaya ba, kuma littafin ya sayu. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne labarin wadda ba a yi mata asiri ba, ba ta sha komai ba, wata ƙwayar cuta ce kawai ta shiga jikinta ta hanyar kwanciyar aure, ba zazzaɓi ba ciwon kai, ta toshe hanyar da ƙwan haihuwa yake bi, ta yi tafiyarta. Likitoci suna kiran wannan ƙwaya kilamidiya, kuma sai da aka shafe kusan shekara 50 tsakanin ranar da aka fara hango ta da ranar da aka kama ta.

Mu a Hausa kusan komai sanyi ne. Ƙaiƙayi sanyi, fitar ruwa sanyi, zafin fitsari sanyi, ciwon mara sanyi, kuma mai magani da lasifika a bakin kasuwa yana da kwalba guda da za ta kashe su duka. A wurin likita kuwa cututtuka ne daban-daban, wasu ma ba ta saduwa ake ɗaukarsu ba. Daga cikin waɗanda ake ɗauka ta saduwa, huɗu ne manya da ake warkewa daga gare su sarai: ciwon sanyi na ainihi mai fitar da mugunya, da tunjere, da wata mai sa ƙaiƙayi da ruwa mai ƙarni da ake kira tirikomonas, sai kilamidiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sabon kamu miliyan 374 na waɗannan huɗun a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma miliyan 129 daga ciki na kilamidiya ne.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fitowa fili suka ce a daina ɗora wa mata laifi su kaɗai wani likitan mata ne Bajamushe mai suna Emil Noeggerath, wanda yake aiki a birnin New York na Amurka. A 1872 ya wallafa wani ɗan littafi a kan ɓoyayyen ciwon sanyi a jikin mata. Abin da ya lura da shi a ɗakin duba marasa lafiyarsa shi ne, saurayi zai kwaso sanyi a yawonsa na samartaka, mugunya ta ɗauke, ya ɗauka ya warke, ya yi aure. Bayan 'yan watanni lafiyayyiyar amarya ta fara ciwon mara, daga nan haihuwa ta gagara, ko ta haifi ɗaya ta tsaya. Da ya karanta wannan a gaban taron likitocin matan Amurka a 1876, ba su ji daɗi ba ko kaɗan, domin kuwa maganar ta taɓa mutuncin manyan magidanta. Kuma a lokacin ba shi da ƙwayar cutar da zai nuna a matsayin shaida.

Shaida ta zo a 1879, lokacin da wani matashin likita ɗan shekara 24, Albert Neisser, ya ga ƙwayar ciwon sanyi a madubin ƙara girma a garin Breslau. Jim kaɗan bayan haka wani likitan haihuwa a Leipzig, Carl Credé, ya fara ɗiga wa kowane jariri wani ruwan magani na azurfa a ido da zarar an haife shi, saboda jarirai suna kwasar ƙwayar daga jikin uwa wajen fitowa, idanu su kumbura su cika da mugunya, da yawa su makance. Kafin dabararsa, wajen jariri ɗaya cikin goma ne yake kamuwa a asibitinsa. Bayanta abin ya koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari.

To amma sai wani abu ya ɗaure wa likitoci kai. Akwai jariran da idonsu yake ruwa bayan mako guda ko biyu da haihuwa, a duba a duba ba a ga ƙwayar Neisser ba. Akwai kuma mazan da suke zuwa da zafin fitsari da ɗan farin ruwa, su ma a duba a rasa. Ke nan akwai wani ɓarawon a cikin gidan wanda ba a san fuskarsa ba.

Inda aka fara hango shi zai ba ku mamaki. Shi dai Neisser ya tafi tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya ta yanzu da tawagar masana, domin gwajin tunjere a jikin birrai. A cikin tawagar akwai mutum biyu, Ludwig Halberstaedter da Stanislaus von Prowazek, waɗanda suka ratse suka shiga binciken amosanin ido, cutar nan da mutanen Nijar suke kira amodari, mai kankare cikin fatar ido har gashin ido ya juya ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido sai mutum ya makance. A 1907 suka kankaro daga idon masu cutar suka sa a idon manyan birrai, birran suka kamu. Da suka duba a madubi sai suka ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo sun taru a cikin ƙwayoyin halittar fatar idon, an lulluɓe su da wani abu kamar mayafi. Daga kalmar Girkanci ta mayafin da ake yafawa a kafaɗa suka raɗa musu suna, kuma daga nan sunan kilamidiya ya samo asali. Cikin 'yan shekaru kaɗan wani likitan ido a Biyana, Karl Lindner, da wasu takwarorinsa suka ga irin waɗannan ɗigo-ɗigon a idon jariran nan da aka rasa gane ciwonsu, da jikin iyayensu mata, da kuma mafitsarar mazan da ba a ga ƙwayar sanyi a jikinsu ba.

A nan magana ta tsaya cik. Gani daban, kamawa daban. Ƙa'idar masana ita ce sai ka raba ƙwaya da jikin mara lafiya, ka rene ta ita kaɗai, ka sa wa lafiyayye ya kamu, sannan a yarda ita ce mai laifi. Sauran ƙwayoyin cuta ana renonsu a faranti da ɗan romo ko jini. Ita wannan kuwa ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Tana shiga ciki ta yi wa kanta ɗaki, ta canza kama, ta hayayyafa a kan abincin mai gida, bayan kwana biyu zuwa uku ta fito da 'ya'yanta su bazu su nemi wasu gidajen. A faranti ko motsi ba ta yi.

Ana cikin wannan jira sauran cututtukan suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. An ga ƙwayar tunjere a Balin a 1905, aka sami gwajin jininta a 1906, Paul Ehrlich da Sahachiro Hata suka fito da allurar Salvarsan a 1910. A 1943 John Mahoney ya warkar da mutum huɗu masu tunjere da fenisilin a New York, kuma ita fenisilin ɗin ta riƙa share ciwon sanyi kamar wasa. Sai dai maza da yawa da aka yi wa allura, mugunya ta ɗauke, bayan mako biyu ko uku sai su dawo da zafin fitsari. Ashe cuta biyu suka kwaso a tare, allura ta kashe ɗaya ta bar ɗaya.

Yanzu bari mu je ƙasar Sin, wurin mutumin da saboda shi na ɗauki alƙalami.

An haifi Tang Feifan a 1897 a lardin Hunan. Yana cikin ɗaliban farko da suka gama makarantar likitanci ta Xiangya a 1921, ya ƙi buɗe asibitin kansa ya zaɓi binciken ƙwayoyin cuta, ya je jami'ar Harvard a Amurka ya yi aiki a ƙarƙashin Hans Zinsser, ya dawo gida a 1929. A zamaninsa ana ƙiyasin fiye da rabin mutanen Sin suna da amosanin ido. Wani shahararren masani ɗan Japan, Hideyo Noguchi, wanda shawara ta kashe a Ankara ta ƙasar Gana a 1928, ya riga ya yi shelar cewa ya gano ƙwayar da take kawo cutar. Tang ya maimaita aikin Noguchi tsawon shekaru a Shanghai, har ya sa wannan ƙwaya a idonsa, bai ga komai ba. A 1935 ya wallafa cewa babban malamin ya yi kuskure.

Yaƙi da Japan ya katse masa aiki. Ya kwashe hukumar rigakafin annoba ta ƙasar ya kai ta Kunming, can kudu maso yamma, inda shi da yaransa suka riƙa haɗa allurar rigakafi da kayan aiki na ƙaƙa-ni-ka-yi, har suka yi fenisilin ta farko a ƙasar Sin a 1944. Ana ba da labarin cewa daga fumfunar da ta fito a jikin wani tsohon takalmi suka samo irin. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulki a 1949 yana da damar ficewa, ya zauna.

Sai a 1954, yana da shekara 57, ya sami sukunin komawa kan amosanin ido. Ya haɗa kai da wani likitan ido na asibitin Tongren da ke Beijin, Zhang Xiaolou, wanda yake zaɓo masa marasa lafiya. Dabarar da Tang ya bi ita ce ta ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki: a huda ɓawon, a tsiyaya abin da aka kankaro daga ido a cikin jakar gwaiduwa, a toshe, a mayar cikin ɗumi a jira. Wasu sun gwada ƙwai kafin shi ba su dace ba, kuma a nan ne basirarsa ta fito. Ido ba ya rabuwa da wasu ƙwayoyin na daban, don haka masu bincike sukan zuba magani a cikin ƙwan don kada waɗannan su ruɓar da shi, kuma fenisilin ce a kan gaba. Tang ya lura cewa masu amosanin ido sukan ɗan sami sauƙi da fenisilin, amma wani maganin da ake kira sitireftomaisin ba ya yi musu komai. Sai ya ce, ashe mu da kanmu muke danne abin da muke nema. Ya ja baya da fenisilin, ya dogara da ɗaya maganin. A 1955, a gwaji na takwas, ƙwayar ta tsiro. Ya raɗa mata suna TE8. Daga baya masana suka gane cewa fenisilin ba kashe kilamidiya take yi ba, sumar da ita take yi, ta daina hayayyafa, in magani ya bar jiki ta farfaɗo. Amsar mazan nan masu dawowa asibiti ke nan.

Ya sa ƙwayar a idon birrai suka kamu, ya wallafa sakamakonsa a 1957. Saura mutum. Ma'aikatansa sun miƙa kansu, ya ƙi. Tsakanin ƙarshen 1957 da farkon 1958 ya sa aka ɗiga masa ƙwayar a idonsa guda, ya bar ɗayan domin a riƙa kwatantawa. Ido ya yi ja, ya kumbura, ƙurajen amosani suka fito sak irin na marasa lafiya. Ya ƙi karɓar magani har kwana 40, yana zuwa aiki da kumburarren ido ana rubuta yadda cutar take tafiya, aka sake kankaro ƙwayar daga idonsa aka rene ta a ƙwai. Dattijo ɗan shekara 60 fa! Ni dai ko kwalli ya faɗa mini a ido sai gidan kowa ya sani.

Allah Sarki, bai ci gajiyar wahalarsa ba. A cikin 1958 ɗin gwamnatin Mao ta tayar da wani gangami na tuge farar tuta a kafa ja, wato a ƙasƙantar da manyan masana da ake ganin tunaninsu na 'yan jari-hujja ne. Aka tsayar da Tang a gaban taron ma'aikatarsa kwana bayan kwana ana jifansa da zargi, karatun da ya yi a Amurka ya zama laifi, bai wa masanan waje irin ƙwayar da ya rena shi ma ya zama laifi. Ranar 30 ga Satumba, 1958, ya kashe kansa. Yana da shekara 61.

Wancan irin da aka zarge shi a kai kuwa ya riga ya isa Landan. A 1958 Leslie Collier da Josef Sowa suka bi hanyarsa ta ƙwai suka kama ƙwayar daga idon masu amosani a ƙasar Gambiya. A 1959 Barrie Jones da Collier da wani abokin aikinsu suka kama ta a idon wani jariri a Landan, suka kuma kama ta a bakin mahaifar wata mai jego. Abin da Lindner ya hango shekara 50 baya ya tabbata. Har zuwa lokacin ana ɗaukarta bairos saboda ƙanƙantarta da zamanta a cikin ƙwayar halitta; sai a tsakiyar shekarun 1960 aka tabbatar bakteriya ce.

A nan sai na ja hankalinku, kada wani ya karanta rabi ya je ya yi wa kakarsa ƙazafi. Ƙwayar iri-iri ce, kamar 'yan gida ɗaya da kowa da sana'arsa. Masana sun jera su da haruffa: A zuwa C su ne na amosanin ido, kuma ta hannu da tsumma da ƙuda suke yaɗuwa, musamman tsakanin yara a inda ruwa ya yi ƙaranci, babu ruwansu da saduwa. D zuwa K su ne na al'aura, su ne kuma jariri yake kwasa wajen haihuwa su taɓa masa ido, wani lokaci har huhu.

Aikin da ya nuna irin ɓarnar da take yi wa mata a garin Lund na ƙasar Suwidin aka yi shi. Tun daga 1960 likitocin can suka riƙa leƙa cikin matan da suka zo da ciwon mara da wani siririn madubi, suna ganin bututun da ƙwai yake bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa da idonsu, sannan suka bi rayuwar matan shekara da shekaru. A 1977 Per-Anders Mårdh da abokansa suka kamo kilamidiya daga cikin bututun kansa. A 1992 Lars Weström ya fitar da lissafin mata sama da 1,800: cikin waɗanda suka nemi haihuwa, wadda bututunta ya kumbura sau ɗaya, 8 cikin 100 sun rasa haihuwa saboda toshewa, sau biyu, kusan 20 cikin 100, sau uku ko fiye, 40 cikin 100. Wadda bututun bai toshe gaba ɗaya ba kuma tana cikin haɗarin ciki ya zauna mata a wajen mahaifa, abin da kan fashe ya kashe mace cikin sa'o'i in ba a yi mata aiki ba. Mugun abin shi ne mafi yawan mata masu ɗauke da ƙwayar, da wajen rabin maza, ba sa jin komai. Ba kowace mai ɗauke da ita ce ciwon yake hawa sama ba, amma wadda ya hau, sau da yawa sai wajen neman haihuwa take sani.

Wannan lissafi bai tsaya a Turai ba. Tsakanin 1979 da 1984 Hukumar Lafiya ta Duniya ta binciki ma'auratan da suka je asibiti neman haihuwa a ƙasashe 25, aka wallafa a 1985. A cibiyoyin Afirka, kusan rabin matan an tarar bututunsu duka biyu a toshe, alhali a ƙasashe masu arziki abin bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Ba duka ne aikin kilamidiya ba. Akwai ciwon sanyi, akwai kuma ƙwayoyin da suke shiga bayan haihuwa ko ɓari in ba a kula da tsabta ba. Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: a gidajenmu mace ake kaiwa wurin mai magani, ita take shan jiƙe-jiƙe da tsime-tsime, shi kuwa maigida da wuya a ce ya kawo fitsarinsa a duba. Noeggerath ya faɗi haka tun 1872.

Maganin kuwa, abin haushi, ba wani mai tsada ba ne. Doksisaikilin sau biyu a rana har kwana bakwai yana kashe ta. Akwai kuma azitiromaisin, wanda masanan kamfanin Pliva suka haɗa a Zagreb a 1980, shi ake bai wa mai ciki, kuma shi ne ake rabawa gari-gari a arewacin Nijeriya da Nijar domin yaƙi da amosanin ido. Gana ta rabu da amosanin a matsayin annoba a 2018, Gambiya a 2021. Tun shekarun 1990 ana iya gano ƙwayar a cikin fitsari. Tirikomonas tana jin Flagyl, tunjere har yau bai gagari allurar fenisilin ba. Ciwon sanyi na ainihi ne ya zama ɗan kunama: a 1976 aka fara ganin irinsa mai karya fenisilin daga Afirka ta Yamma da kudu maso gabashin Asiya, daga nan ya bi magunguna yana gagararsu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka koma allurar seftiriyakzon. Shan kafso biyu daga kemis a daina da zarar zafi ya lafa yana cikin abin da ya koya masa wannan taurin kai. Sharaɗi guda ne a kan dukkansu: a yi wa miji da mata magani a lokaci ɗaya, in mata biyu ne ko huɗu duk a haɗa, in ba haka ba wadda ta warke za ta sake karɓa. Kuma magani ƙwaya yake kashewa, ba ya buɗe bututun da tabo ya riga ya liƙe.

Shi kuwa Tang Feifan, sai a 1979 hukumomin ƙasarsa suka wanke sunansa. A 1981 ƙungiyar duniya ta yaƙi da amosanin ido ta ba da lambar zinare saboda aikinsa, shekara 23 bayan an binne maganarsa. A 1992 gidan wayar ƙasar Sin ya buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa.